Kayan da Ake Janyewa da Kayan da Ake Turo Mana

Alhamis, 25 ga Yuli, 2024

Ƙanena da ke gyaran kwamfuta a Kano ya aiko da saƙon murya da sassafe, sai da na fita bakin titi kafin ya buɗe. Ya ce, "Yaya, ku da ake rigimar sai sabuwa a kwali, ga labari." Jiya kamfanin AMD na Amurka ya sanar da ɗage fitar da sababbin furosesa ɗinsa, waɗanda ya sa wa suna Ryzen 9000. Da an tsayar da ranar 31 ga wannan wata za a fara sayarwa, har an raba kason farko ga manyan dillalai da shaguna. Sai kamfanin ya ce binciken ƙarshe ya nuna masa kayan ba su kai ingancin da yake so ba, don haka a maido masa da su ya musanya. Ƙananan biyun sai 8 ga Agusta, manyan biyun sai 15. Furosesa ita ce 'yar ƙwayar nan da ba ta cika tafin hannu ba, wadda ke zaune a tsakiyar allon da ke cikin kwamfuta, kuma duk lissafin da na'urar za ta yi ta cikinta yake bi.

Abin da ya haɗa garinmu Mabai da wannan labari shi ne, tun kakar bara ƙungiyarmu ta matasa ke tara kuɗi. Wani ya kawo buhun masara, wani tiyoyin waken suya, 'yan uwanmu da ke ci-rani a Abuja da Legas su turo abin da ya sawwaƙa, don mu sayi kwamfutoci mu ajiye a shago guda yara su riƙa koyo. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Yaronmu zai shekara yana bitar karatu da fitilar waya, ranar jarrabawa a kai shi Funtuwa ko Malumfashi ko Katsina, a zaunar da shi gaban allo, kuma a ranar ce hannunsa zai fara taɓa linzamin kwamfuta. Na ga yara masu ƙoƙari sun dawo da makin da bai yi kama da su ba, alhali sun san amsa. Ni aka ɗora wa sayen, saboda ni ne malamin lissafi, kuma ni ke da ƙane a cikin sana'ar. Kuɗin jama'a ne, shi ya sa kwanakin nan barcina ya ragu.

Juma'a, 26 ga Yuli

Bayan an sauko daga masallaci na zauna a zauren Kawu, Liman ma yana nan. Na ba su labarin ina jiran su yi mamaki. Kawu, wanda ya tsufa yana dillancin shanu a karar Sheme, ya ce, "To mene ne sabo a nan, ɗana? In ka sayi sa ta hannuna, ka je gida ya nuna ciwon da aka ɓoye maka, wurin wa za ka zo? Wurina. Ni na san mai shi, na san garinsu, na san wanda ya tsaya masa. La'adar da nake karɓa ai ta wannan ce, ba ta ihun ciniki ba."

Liman ya gyara zama ya ce hukuncin yana nan a babin ciniki na littattafan Malikiyya, a Risala da Muhtasar: wanda ya sayi kaya ya tarar da tsohon aibin da ba a nuna masa ba yana da zaɓin mayarwa, kuma wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani. Na ce, "Allah gafarta Malam, a nan mai saye bai ko buɗe baki ba. Mai kayan ne ya bi shaguna da kansa yana cewa a dawo masa da abinsa." Kawu ya yi shiru, can ya ce, "Wannan kam sai wanda ya san inda kayansa suka kwana."

Na yi ta juya maganar har dare. Kamfani ba ya iya janye kaya sai in akwai igiyar da ta taso daga masana'anta ta ratsa babban dillali, ta ratsa shago, ta iso hannun mai saye: lambar jikin kaya, rasit, suna da lambar waya. Inda igiyar take, ana ja kayan su dawo. Mu kuwa kwamfutar da ke iso mana ta gama aikinta a wani ofishi a Ingila ko Amurka ko Dubai, an tattara ta cikin kwantena, ta sauka a Legas, ta ratsa Kwamfuta Bilej ta Ikeja ko Alaba, ta hau mota zuwa Kano. A wace gaɓa ce wani ya rubuta sunanmu?

Asabar, 27 ga Yuli

An wuni ana ruwa, ban je gona ba. Na zauna ina karanta abin da ƙanena ya turo game da ɗaya babban kamfanin, Intel. Nasa ya fi nauyi, don kayansa sun daɗe a hannun mutane. Watanni ke nan masu kwamfutocin tebur da ke ɗauke da furosesa zubi na 13 da na 14 suna kukan cewa na'urar na tsayawa cak ko ta rufe aiki ba dalili, musamman in an ɗora mata aiki mai nauyi. Ranar Litinin da ta wuce, 22 ga wata, kamfanin ya amsa cewa kuskure ne a cikin 'yar manhajar da ke cikin furosesar, wadda ke sa ta nemi wuta fiye da kima, kuma wutar na cin ta a hankali. Ya yi alkawarin gyaran manhaja a tsakiyar Agusta. Amma gyaran rigakafi ne kawai, wadda ta riga ta lahanta ba ta warkewa sai canji. Da 'yan jarida suka tambaya ko za a janye kayan daga kasuwa, aka ce a'a, kuma ba a dakatar da sayarwa ba.

A ganina wannan ba daidai ba ne. Wanda ya san kayansa na lalacewa a hannun mutane bai kamata ya jira kowa ya gano da kansa ba. Mai ilimin abin zai gane alamun ya nemi canji. Wanda bai sani ba zai ɗauka wutar gidansa ce, ko bairos ne, ya yi ta biyan mai gyara. Wani kuma zai gaji ya sayar da ita a matsayin wadda aka ɗan yi amfani da ita, kuma na san inda irin waɗannan suke ƙarewa bayan 'yan shekaru.

Lahadi, 28 ga Yuli

A darasin hutu na yau na rubuta wa yara rabawa guda a allo: 4,195,835 a raba da 3,145,727. Masu waya suka danna, suka ce 1.33382. Na ce musu shekara 30 da suka wuce akwai kwamfutoci miliyoyi, sababbi fil, masu tsadar gaske, da za su ce 1.33374. Ba su yarda ba sai da na ba su labarin.

Intel ya fitar da furosesar Pentium a 1993. A watan Yunin 1994 wani malamin lissafi, Thomas Nicely, na kwalejin Lynchburg da ke jihar Bajiniya, yana bincike a kan lambobin da ba sa rabuwa sai da kansu da ɗaya, sai ya ga sakamakonsa ya ƙi daidaita. Bai yi gaggawar ɗora wa kowa laifi ba. Ya yi watanni yana tuhumar lissafinsa da manhajarsa da sauran sassan na'urar, har ya tabbatar furosesar ce ba ta iya wasu rabe-rabe daidai. A cikinta akwai jadawali mai gurabe 1,066 da take dubawa in za ta raba, kuma gurabe 5 an bar su ba a cika ba. Ranar 30 ga Oktoba ya rubuta wa abokan aikinsa, labari ya bazu. Sai ta bayyana kamfanin ya riga ya san da matsalar tun watanni, ya yi shiru. Da farko ya ce mai aikin ofis sai ya yi shekara 27,000 kafin ya ci karo da kuskuren sau ɗaya, kuma ba zai canza wa kowa ba sai wanda ya nuna aikinsa na buƙatar lissafi mai zurfi. IBM ya yi nasa ƙiyasin ya ce wani mai amfani zai iya cin karo da shi duk kwana 24, kuma ranar 12 ga Disamba ya dakatar da sayar da kwamfutocinsa masu Pentium. Ranar 20 ga Disamba Intel ya sauko, ya ce duk mai so ya zo a canza masa ba tambaya. Abin ya ci masa dala miliyan 475.

Wata yarinya, 'yar Gwaggo, wadda ita ce ta fi kowa son a kawo kwamfutocin nan, ta ce, "Malam, to da malamin bai duba ba fa?" Na ce da an ci gaba da sayarwa. Na ji daɗin tambayar ƙwarai. Abin da nake so su ɗauka ke nan kafin ma su taɓa na'urar, cewa abin da allo ya nuna ana iya bin sa da biro da takarda.

Litinin, 29 ga Yuli

Taron kwamiti bayan la'asar, kuma an ɗan ɗaga murya. Ma'ajinmu, wanda ya yi karatu a Katsina, ya tsaya a kan a sayi sababbi ko da biyu ne, don suna da garanti. Shugaba ya ce yara sun fi arba'in, kwamfuta biyu me za ta yi? Wani ya ɗauko labarin da na bayar ya ce ai ga shi nan, sababbin ma janye su ake yi, gara tsohuwar da ta ga jiya ta ga yau.

Ban yarda a yi amfani da labarin haka ba, na kuma faɗa. Janyewa ba hujja ba ce ta cewa sabo ya fi tsoho sharri. Sabo yana iya zuwa da aibin da ba a gano ba, amma mai shi yana da ƙofar da zai buga. Tokumbo kuwa, wato tsohuwar da aka shigo da ita daga waje, aibin samfurinta an daɗe da sani, an rubuta, sai dai babu mai gaya maka, kuma babu ƙofa. Kuɗinmu ba su kai sabo ba, wannan ba abin musu ba ne. Yau ne ma shugaban ƙasa ya sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, dala kuma tana kusan naira 1,600. Saboda haka na ce mu sayi tokumbo, amma mu gina ƙofar da hannunmu: kada mu biya sai an rubuta lambar jikin kowace na'ura a rasit, da kwanakin gwaji, da sa hannun mai shago. Aka amince. Gobe zan tafi Kano, don ana ta maganar zanga-zanga ranar Alhamis, ina so in dawo kafin nan.

Talata, 30 ga Yuli

Na bar gida bayan rana ta ɗaga, don yanzu ba mai kama hanyarmu da duhu, ko na asuba ko na magariba. Ƙanƙara, Malumfashi, Dayi, Gwarzo, Kano. Gonaki sun yi kore shar, masara ta fara fitar da kai. Kuɗin mota ya cinye fiye da abin da kwamiti ya ware.

Laraba, 31 ga Yuli

Mun wuni ni da ƙanena a shagunan da ke wajen titin Beirut. Kwamfutocin cinya jibge a kan kanta, wasu har da takardar kadarar ofisoshin da suka fito manne a bayansu. Kowa ka tambaya sai ya ce, "Landan yus ce, Malam, kamar sabuwa." A shaguna da dama an rubuta a ƙasan rasit cewa kayan da aka saya ba a dawowa da su.

Ƙanena bai bar ni na zaɓa da ido ba. Ya ce kada mu ɗauki wadda Windows 11 ba za ta hau ba, komai arharta, domin Microsoft ya riga ya sanar zai daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma sabuwar ba ta karɓar yawancin tsofaffin furosesa. Ya ce, "Yaya, ka zuba ido, ofisoshin Turai za su zubar da su da yawa, kuma nan za a kawo su. Za su yi arha, mutane su yi ta murna." Kowace muka ware sai ya juya ta ya duba ko batirin ya kumbura, ya karanta lambarsa, ya shiga shafin kamfanin da ya ƙera ya ga ko yana cikin waɗanda aka taɓa janyewa. Na tambaye shi ko masu saye na neman a yi musu haka. Ya ce ni ne na farko.

Wannan ya tsaya mini a rai, don batir ba wasa ba ne. A watan Agustan 2006 Dell ya janye batura miliyan 4.1 da Sony ya ƙera, saboda wasu suna kamawa da wuta. A Janairun 2018 HP ya janye kimanin 50,000 a Amurka, shekara ta zagayo ya ƙara wasu. Wanda ya saya a can an aika masa da saƙo. Na'urar da mai ita bai kula da saƙon ba, ko ya riga ya sayar, tana iya kasancewa a kan kantar kowace kasuwa a Afirka ta Yamma.

Wajen rasit aka yi daga. Alhajin mai shago ya ce, "Malam, ka gwada a nan, in ta yi maka ka ɗauka. Ni ma haka na saya a Legas, ba wanda ya ba ni garanti." Gaskiya ya faɗa, kuma na ga inda nasa ƙarfin ya tsaya. Na ce, "Alhaji, kuɗin marayu da manoma ne. In ta mutu a hanya, da wane ido zan kalle su?" Ƙanena ya sa baki, maƙwabcinsa ya sa baki, daga ƙarshe ya yarda da mako biyu, ban da fashewar allo da shigar ruwa. Yaronsa ya zauna yana kwafe lambobin ɗaya bayan ɗaya yana gunaguni, ni kuma ina bi ina tantancewa. Muka gama dab da magariba, tafiya ta zama sai gobe.

Alhamis, 1 ga Agusta

Ba tafiya. Tun safe gari ya rikice da zanga-zangar, kafin yamma gwamna ya sa dokar hana fita ta sa'a 24. Muna ɗakin ƙanena da kwalayen kwamfutoci a ƙarƙashin gado. Yunwar da ta fito da mutane gaskiya ce, a Mabai ma muna cikinta, kuma an rasa rayuka yau, Allah ya jiƙansu.

Abin da ya ƙara ɓata mini rai shi ne hotunan cibiyar fasaha ta hukumar sadarwa, NCC, da ke nan Kano, wadda ake shirin buɗewa a mako mai zuwa don koyar da matasa. An fasa ta, ana fita da kujeru da kwamfutoci a ka. Mu mun shekara muna tara tiya-tiya don mu sami 'yan ƙwarori, ga ɗaki cike an watsar cikin sa'o'i. Ƙanena ya ce nan da kwana kaɗan wasu za su fara yawo da su a kasuwa a rabin kuɗi, kuma mai gaskiya zai iya saye bai sani ba. Ashe lambar jiki a rasit ba maganin aibi kaɗai ba ce, ita ce kuma shaidarka ranar da aka ce kayan sata ne a hannunka. Na ɗauki hoton rasit ɗinmu na tura wa shugaba da ma'aji.

A yau ne kuma Intel ya sanar da ƙarin shekara biyu a kan garantin furosesocin nan masu matsala. Ya fi babu. Amma har yanzu mai kaya ne zai gano, ya nema, ya kawo shaida.

Asabar, 3 ga Agusta

An ɗan sassauta dokar, amma direbobin hanyarmu ba su fito ba. Muka mai da zaman gwaji. Ƙanena ya kunna su duka, ya ɗora musu aiki mai nauyi na sa'o'i yana duba zafinsu, ya gwada kowane maɓalli da kowace kafa ta caji da ta filas. Ya buɗe biyu ya share ƙurar fanka, ya canza man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen da ke janye mata zafi, wanda ya bushe ya zama gari.

Yana aiki yana ba ni labarin 2011, wanda ya ji a wurin maigidansa. A farkon watan Janairun shekarar Intel ya fitar da zubi na biyu na furosesar Core. Ranar 31 ga watan ya sanar cewa ƙwayar da ke rakiyarta a kan allo tana da lahani: wasu daga kafofin da ake haɗa ma'ajiyar bayanai da su za su riƙa raunana a hankali har su daina aiki. An riga an fitar da kusan miliyan 8. Aka tsayar da jigila, shaguna suka sauke kayan daga kanta, Dell da HP suka dakatar da wasu samfuransu, kamfanin ya ƙiyasta dala miliyan 700 na gyara da musanya. Abin lura shi ne a lokacin yawancin masu saye ba su ga komai ba tukuna, lahanin sai an daɗe yake fitowa. Kamfanin da ya yi wancan a 2011 shi ne ya ƙi janyewa bana, shi ya sa ban ɗauki janyewa a matsayin halin kirki na wani kamfani ba. Lissafi ne: me za mu yi asara in mun janye, me za mu yi asara in mun ƙi? Inda masu saye ke da murya da lauyoyi da jaridu, ƙin janyewa yana da tsada. Mu ba ma cikin lissafin ko ta wane gefe.

Talata, 6 ga Agusta

Na iso gida lafiya da rana tsaka, alhamdu lillahi. Yara suka taru a ƙofar shago tun kafin a sauke kwalayen. Mai sola zai zo gobe.

Alhamis, 8 ga Agusta

Yau AMD ya fara sayar da ƙananan biyun, kamar yadda ya faɗa. Mafi arha dala 279, wato sama da naira 400,000, furosesar kaɗai ba tare da sauran jikin kwamfuta ba. Albashin wata shida ke nan na ƙaramin ma'aikaci. Jinkirin mako guda ya yi, ya karɓi 'yar kunya, ba wanda ya kai kayan gida balle ya yi kuka.

Mu kuma yau ɗaya daga cikin namu ta fara mutuwa da kanta. Ta yi gwajin Kano lafiya, amma nan in ta yi rabin sa'a sai allon ya ɗauke. Na canza mata caja, na canza soket, na ɗaga ta a kan katako don iska ta shiga, duk ɗaya. Na kira ƙanena ya ce in buɗe bayanta in ɗauko masa hoto. Da ya gani ya ce an taɓa yi wa allon cikinta aiki da wuta, ga tabon nan kusa da furosesa. Irin gyaran da ke riƙewa kwana kaɗan ne, har a sayar.

Na kira Alhaji. Da farko ya ce wutar solarmu ce. Na ce sauran suna kan layi ɗaya ba abin da ya same su. Ya ce wa ya sani ko ba tasa ba ce ma. Na karanta masa lambar jikinta, na ce ya duba kwafin da ke hannun yaronsa. Aka yi shiru, na ji ana buɗe takardu. Ya ce, "Aiko ta, Malam." Ban zarge shi da ha'inci ba, mai yiwuwa shi ma haka aka haɗa masa a cikin kaya. Ko shi zai iya mayar wa na Legas, wannan kuma tsakaninsu.

Lahadi, 11 ga Agusta

Direban da na ba saƙon ya tabbatar ta isa. Da yamma na karanta wa kwamiti abin da dokar kare masu saye ta 2018 ta tanada, wadda ta kafa hukumar FCCPC: mai saye yana da haƙƙin mayar da kaya masu lahani, kuma rubutu a ƙasan rasit ba ya shafe wannan haƙƙi. A watan jiya ne hukumar ta ci tarar kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, dala miliyan 220. Cikin mutanen da ke zaune babu wanda ya taɓa jin cewa dokar ta shafi ɗan cinikinsa. Ina ganin a nan aikin yake. Ya kamata a riƙa fassara sanarwar janye kaya da Hausa ana karantawa a rediyo, ko batir ne, ko caja, ko magani, don rediyo ce ke isa inda intanet ba ta isa. Ba mu manta da 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jiharmu ta Katsina tun daga Satumba, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, muka yi watanni sai mutum ya yi tafiya kafin ya kira ɗan uwansa. Duk sanarwar da aka yi a intanet a wancan lokaci ta wuce mu. Ya kamata kuma ƙungiyoyin 'yan kasuwar kwamfuta su sa rubuta lambar jiki a rasit ya zama ƙa'ida, su ma kariya ce gare su.

Ma'aji ya ce mu fara da kanmu. Ya sayo babban littafi, muka ware wa kowace na'ura shafi: lambarta, lambar batirinta, ranar saye, wurin wa, da duk gyaran da za a yi mata nan gaba. Ya ce duk wanda zai sayi waya ko batirin sola a garin nan ma ya zo a rubuta masa kyauta.

Alhamis, 15 ga Agusta

Manyan biyun na AMD sun fito yau, na ji a bakin ƙanena lokacin da ya kira ya ce musanyarmu tana hanya. Ta iso da azahar. Ba samfurin waccan ba ce, amma ƙarfinsu ɗaya, kuma ya gwada ta kwana biyu kafin ya ba direba. Alhaji ya rubuta sabuwar lamba a bayan tsohon rasit, ya sa hannu, ya ƙara mako guda. Na cika mata shafinta a littafi.

Mun raba yaran rukuni-rukuni, 'yan mata da safe, maza bayan la'asar, don kowa ya samu ya koma gida da sauran rana. Makon farko ba tambayoyin jarrabawa, sai riƙe linzami da neman haruffa. Batirin solar ba ya kai mu ƙarshen rukunin yamma in an wuni da hadari, don haka ranar Asabar kwamiti zai zauna a kan ko mu ƙara faranti ɗaya ko mu rage sa'o'i har marka ta wuce.